Bututun Numfashin Mota: Amfaninsa Da Iyakarsa

Daga kudancin Kogin Kaduna hanyoyin ciniki masu yawa suke tashi. Wanda ya fita daga Kakuri ko Makera ko Barnawa, ya bi ta Sabon Tasha, sai ya ɗauki hanyar Kujama da Kajuru har Kachia, ƙasar citta. Muddin mota tana bisa kwalta, lafiya lau. Amma fa ba a bakin kwalta ake noma ba. Mai kai taki ƙauye da mai ɗauko hatsi, tilas su ratse su shiga hanyar burji, kuma a watan Agusta da Satumba, sa'ad da damina ta yi ƙarfi, rafin da yaro yake tsallakewa da rani shi ne yake tsare mota yini guda. Kogin Kaduna kansa ya yi ambaliya a 2003 da 2012, har ya shiga gidajen da ke bakinsa.

Saboda haka ne waɗansu masu motocin shiga daji, irin su Land Cruiser da Hilux da Land Rover, suke ɗaura wani baƙin bututu a gefen mota, ya hau ta jikin gilashin gaba har ya kai tsayin rufi. Turawa suna ce masa sinokil. Ya kamata mai dukiya ya san abin da bututun nan yake yi da abin da ba ya iyawa, kafin ya ba da kuɗinsa ga bakanike, kafin kuma ya ba da kayansa ga direba.

Dalilin sa shi

Mai karatu ya sani, inji yana numfashi kamar yadda dabba take yi. Mai ba ya kamawa sai da iska, kuma iskar da yake bukata ba kaɗan ba ce: kafin lita ɗaya ta fetur ta ƙone, sai inji ya shaƙi kimanin lita 9,000 na iska. Yawancin motoci kuwa hancinsu yana ƙasa, bayan fitilar gaba ko cikin ƙarfen da ke rufe saman tayar gaba. Nan ne ƙura ta fi yawa, nan ne kuma ruwa yake fara isa.

Cikin inji akwai fistan, mai hawa da sauka cikin silinda yana matse iska. Iska tana matsuwa, amma ruwa ba ya matsuwa ko kusa. Ga misali da injin gas na Land Cruiser wanda ake kira 1HZ. Silindarsa shida ce, kowace tana ɗaukar kusan mililita 700. Idan fistan ya hau, sai ya matse iskar nan wajen ninki 22, sararin da ya rage a sama bai fi mililita 32 ba, watau kamar cikin babban cokali biyu. Ledar ruwan nan ta mililita 500 da ake sayarwa a tasha, ruwan cikinta ya isa ya cika wannan sarari sau goma sha biyar. To, idan ruwa ya shiga silinda ya wuce wannan gwargwado, fistan zai taho da ƙarfinsa ya tarar da abin da ba ya kaucewa. Nan take sandar ƙarfen da ke riƙe da fistan ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokaci ma ta fasa jikin inji ta fito. Shi ke nan, inji ya buga, mota kuwa tana tsakiyar ruwa da kayan mutane.

Giwa idan za ta ƙetare kogi, hannunta take ɗagawa sama ta shaƙi iska. Wannan ita ce hikimar bututun. Asalin sunan daga Jamusanci yake. Mutanen Holan sun gwada dabarar a jiragen yaƙi masu nutso cikin teku, Jamus ta same ta da ta mamaye ƙasarsu a 1940, kāna ta soma sa wa nata jiragen a 1943. A 1944 kuma, da sojojin Ingila da Amurka suka sauka gaɓar Normandi ta Faransa, an yi wa tankokinsu dogayen bututu, an liƙe kafofinsu, domin su taka ruwan teku su hau tudu.

Yadda ake ɗaura shi

Da fari, a sayi wanda aka yi domin wannan irin motar da irin injinta, domin na Hilux ba ya zama a jikin Land Cruiser. Bututun kirki yana zuwa da takarda mai zanen inda za a huda. Bakanike ya manna takardar a jikin ƙarfen da ke saman tayar gaba, ta gefen da akwatin matatar iska yake, ya auna, ya sake aunawa, gama rami idan ya hudu ba ya komawa. Ya huda babban rami na wuyan bututu da ƙanana na notuna. Sa'an nan ya goge bakin ramukan ya shafa musu fenti, in ba haka ba tsatsa za ta ci wurin tun damina ba ta wuce ba.

Bayan haka sai ya ɗaure jikin bututun da notuna, ya kafa maƙalin sama a ginshiƙin gilashin gaba don kada ya riƙa karkarwa cikin gargada. Daga ciki kuma ya haɗa wuyan bututun da akwatin matatar iska da tiyon roba mai kauri.

Nan ne aikin yake. Kowace mahaɗa, tun daga kan bututu har bakin inji, sai an shafa mata abin liƙi an matse ta da maɗaurin ƙarfe. Akwatin matatar iska yana da ƙananan kafofi a gindinsa na zubar da ruwa da ƙura, su ma sai an duba su an toshe lokacin shiga ruwa. Murfinsa kuma, in robar bakinsa ta tsufa, a sake ta. Kafa ɗaya da aka manta ta isa ta ɓata dukan aikin, domin inji yana zuƙa da ƙarfi, kuma ta inda ya sami sauƙi yake zuƙa. A lura kuma, waɗansu bututun da suke zuwa da mota daga kamfani guntu-guntu aka haɗa su, domin ƙura aka yi su, ba a liƙe su domin ruwa ba.

Mai mota yana da hanyar gwada aikin kafin ya biya. A tayar da inji a bar shi yana aiki a hankali, a cire kan bututun, a rufe bakinsa ruf da faffaɗan katako. Kada a sa tafin hannu. Idan aikin ya yi, inji zai shaƙe ya mutu nan da nan. Idan kuwa ya ci gaba da aiki, to, yana samun iska ta wata kafa, kuma inda iska ta bi nan ruwa zai bi.

Kan bututun iri biyu ne. Akwai mai fuskantar gaba, wanda yake da ƴan kafofi a wuyansa na fitar da ruwan sama. Akwai kuma mai kama da kwano, wanda yake juya iska ƙura ta faɗa gefe, a riƙa zubarwa. Na biyun ya fi dacewa da mai bin burji da hunturu. Wannan kuwa ita ce fa'idar da mai mota zai riƙa gani kullum: iskar sama ta fi ta gindin taya tsabta, matata ba ta saurin toshewa.

Iyakarsa

Amma fa bututu ba ya mai da mota kwalekwale. Hancin inji kaɗai yake tsarewa. Kamfanin Land Rover ya ƙayyade wa tsohuwar Defender zurfin santimita 50, Toyota kuma ta ƙayyade wa Hilux da ta fito a 2015 santimita 70, watau ƙafa biyu da inci uku ko huɗu. Ɗaura bututu ba ya ɗaga sauran sassan mota daga inda suke.

Akwatin giya da tukwanen aksil suna da nasu ƙananan kafofin numfashi. Idan sun yi zafi aka tsoma su cikin ruwan sanyi, sai su zuƙo ruwa, man ciki ya koma fari kamar nono, haƙoran ƙarfe su ci juna. Maganinsa a ja musu siririn tiyo zuwa sama, a kuma bar mota ta huce kafin a shiga. Motar fetur tana da fulogi da wayoyi waɗanda ba sa shiri da ruwa, motocin zamani kuma suna da kwamfuta. Fanka tana iya lanƙwashewa cikin ruwa ta yanki lagireto. Birki yana jiƙewa, sai an tattaka shi a hankali bayan an fita.

Mafi girma duka shi ne ruwa mai gudu. Ruwan da ya kai ƙafa biyu yana gudu ya isa ya ɗauke yawancin motoci, manya da ƙanana, ko da injinsu yana aiki lafiya. Ruwan ambaliya kuma ja ne, ba a ganin ƙasansa, mai yiwuwa ya riga ya cinye hanyar. Direba mai hankali yakan tsaya ya tambayi mutanen gari, ya auna zurfi da sanda daga gaɓa, ya sauke fasinja. Ruwan da mutum ba zai iya takawa a tsaye ba, mota ba ta da abin nema cikinsa. In ya shiga, ya sa ƙaramar giya, ya tafi daidai wa daida, ba gudu, ba tsayawa.

Idan tsautsayi ya sa inji ya mutu cikin ruwa, kada a sake murza makulli, gama wannan murzawa ita ce takan karya abin da bai riga ya karye ba. A jawo motar waje, bakanike ya kwance fulogi ko nozul, ya juya inji ruwan ya fita, ya sake baƙin mai da matata.

Ɗan kasuwan da ya ga bututu a jikin mota, kada ganinsa ya sa ya matsa wa direba ya shiga ruwan da direban yake shakka. Kayan da ke bisa mota amana ne, rayukan da ke ciki sun fi kayan. Rafin da ya cika da ruwan dare, sau da yawa yakan sauka kafin la'asar, kuma asarar yini ɗaya a bakin gaɓa ta fi sauƙi bisa asarar inji da jari. Hausawa sun ce ruwa ba sa'an kwando ba ne. Allah ya kiyaye matafiya. Wassalam.