Dutsen Termit: Yawon da ba a yin sa da ƙaramar mota, da dabbar da ke gab da ƙarewa

Matasan Damargu da ke dawowa hutu daga Yamai, Kano ko Libiya sukan tambayi inda za su fita shan iska na yini guda. Sunan da ake yawan ambata shi ne Termit, jerin baƙaƙen duwatsu da ke gabas da Tanut, can cikin gundumar Tesker ta jihar Damagaram.

Sai dai wanda ya tashi daga Tanut ko Belbeji da asuba, yana sa ran ya kwana a gida, bai san hanyar ba. An fi bi ta Damagaram zuwa Gure, kimanin kilomita 160 a kan kwalta, daga nan a nufi Tesker cikin rairayi. Yinin yawon yana farawa ne bayan an kwana a gindin dutsen.

A watan Maris na 2012 gwamnatin Nijar ta kafa gandun Termit da Tin Tumma, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka. Tsayin dutsen ya kai kusan mita 700. A kwazazzabansa akwai aduwa da jiga, inda barewa da ragon dutse ke fakewa daga rana. Tubawa da Buzaye da Larabawa makiyaya na shayar da raƙumansu a rijiyoyin yankin.

Abin da ya fi ɗaga sunan gandun shi ne addax, wata farar dabbar hamada mai murɗaɗɗun ƙahoni, wadda ke iya daɗewa ba ta sha ruwa ba. Nan na ɗaya daga cikin wuraren ƙarshe da ta rage a daji. Amma binciken da aka yi a 2016 guda uku kawai ya gano, kuma masu kare namun daji sun ɗora laifin a kan farauta da aikin haƙar mai a Agadem. Man nan shi ake turowa ta bututu zuwa matatar Soraz da aka buɗe a 2011, wadda duk mai bin hanyar Damagaram zuwa Tanut yake wucewa ta gefenta. A 2019 gwamnati ta sauya iyakokin gandun, ta cire yankin rijiyoyin mai daga cikinsa, matakin da ya jawo suka.

Ga mai niyyar zuwa, lokaci na da muhimmanci. A bazara zafi kan haura digiri 40, don haka ana zagaya dutsen ne da sanyin safiya da kuma bayan la'asar, lokacin da dabbobi ke fitowa kiwo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tafiyar ta fi sauƙi.

Dole a samu kat-kat, gara ma biyu, domin idan ɗaya ta kafe ɗayar ta ja ta. A ɗauki jarkokin ruwa da mai da tayar safaya, a rage wa tayoyi iska kafin shiga yashi. A nemi ɗan jagora daga mutanen yankin, a kuma sanar da jami'an gandun daji da hukumomin tsaro kafin a tashi.

Kuma kada a kori barewa da mota don ɗaukar bidiyo. Gudu cikin irin wannan zafi na iya kashe ta ko da ba a harbe ta ba.