Alheri, Bangaskiya da Doka a Koyarwar Kirista: Nazarin Ma'ana da Kalmomin Hausa

1.0 Gabatarwa

Tambayar da ta fi daɗewa tana raba kan malaman Kirista ita ce: da me mutum yake samun karɓuwa a wurin Allah? Amsar da akasarinsu suka tsaya a kai ita ce ceto kyauta ne daga Allah, ana karɓarsa ta wurin gaskatawa da Yesu Almasihu, ayyukan kirki kuwa 'ya'yan wannan kyauta ne. Kishiyar wannan fahimta ita ce dogaro ga kiyaye doka, wato mutum ya ɗauki cika ƙa'idoji a matsayin kuɗin da yake sayen yardar Allah da shi. Wannan maƙala za ta bayyana asalin koyarwar da tarihinta a taƙaice, sannan ta duba kalmomi uku da Hausa take ɗaukar ta da su.

2.0 Asalin Muhawarar

Mabiyan Yesu na farko Yahudawa ne masu kiyaye Attaura. Da bisharar ta isa ga al'ummai a birane irin su Antakiya, sai wasu suka dage cewa dole sababbin masu bi su yi kaciya, su kuma bi dokokin abinci. Babi na 15 na Ayyukan Manzanni ya ba da labarin taron da aka yi a Urushalima wajen shekara ta 49 Miladiyya, inda aka yanke cewa ba za a ɗora wa al'ummai kaciya ba.

Manzo Bulus ne ya shimfiɗa hujjar a wasiƙunsa zuwa ga Galatiyawa da Romawa. Ya nuna cewa an lasafta Ibrahim mai adalci saboda ya gaskata alkawarin Allah tun kafin a yi masa kaciya, don haka kaciya shaida ce ta karɓuwar da ta riga ta tabbata. Ya kuma kwatanta Doka da bawan da yake raka yaro makaranta, wanda aikinsa yake ƙarewa idan yaron ya balaga. A ganinsa Doka tana fallasa zunubi, amma ba ta da ikon kawar da shi.

Bulus bai ce mai bi ya yi abin da ya ga dama ba. A babi na 6 na Romawa ya ƙi wannan fassara ƙiri-ƙiri, wasiƙar Yakubu kuma ta kira bangaskiyar da ba ta haifar da aiki matacciya. Ashe gardamar tana kan jeri ne: wanne ne saiwa, wanne ne 'ya'ya.

3.0 Yadda Ta Gudana a Tarihi

A farkon ƙarni na 5, Pelagiyus ya koyar da cewa mutum yana da ikon cika umarnin Allah da nufinsa. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya amsa cewa ko niyyar aikata alheri ma baiwa ce daga Allah. Majalisar Kartaj ta 418 ta goyi bayan Agustin.

Maganar ta sake tashi a 1517, lokacin da Martin Luther ya ƙalubalanci sayar da takardun sassauta horon zunubi a Jamus, ya kuma tsaya a kan cewa ana baratar da mutum ta wurin bangaskiya kaɗai. Majalisar Trent ta cocin Katolika ta amsa a 1547 cewa alherin Allah ne mafari, amma mutum yana ba da haɗin kai, alherin kuma yana sabunta shi daga ciki. Sai a ranar 31 ga Oktoba, 1999, a birnin Augsburg, Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwar da ta amince cewa ceto na alheri ne, ayyuka nagari kuma suna biyo baya.

4.0 Kalmomin Hausa Uku

Tun daga fassarorin J. F. Schön a ƙarni na 19 zuwa cikakken Littafi Mai Tsarki na 1932, wanda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi aiki a kansa, masu fassara sun nemi kalmomin da za su ɗauki wannan nauyi.

Ta farko ita ce alheri, wadda aka aro daga Larabci, aka kuma ɗora ta a kan kalmar Girkanci karis. Ta dace, domin Bahaushe ya san alheri a matsayin kyautatawar da ba tilas. Sai dai karin maganarmu tana kallon alheri ta fuskar mai yin sa: alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, alheri gadon barci ne. A nan alheri jari ne da yake dawo wa mai shi, kamar yadda gudummawar biki take jiran ramuwa. Bulus kuwa yana magana ta fuskar mai karɓar da bai cancanta ba, kuma ba zai iya ramawa ba. Mai sauraren da bai lura da wannan juyi ba yana iya jin wa'azin alheri ya fahimci an ce ya yawaita ayyukan lada.

Ta biyu ita ce bangaskiya, daga ba da gaskiya. Ginin kalmar ya nuna aiki ne da yake fuskantar wani, wato amincewa da mai alkawari, abin da ya yi daidai da misalin Ibrahim. Ta zama alamar Hausar Kirista, yayin da Musulmi suka fi amfani da imani.

Ta uku ta fi sarƙaƙiya. Wasu fassarori sun kira Dokar Musa Shari'a, wasu kuma Doka. A ƙasar Hausa, Shari'a tana kai tunani ga fiƙihun Musulunci, alhali Bulus ya rayu ƙarni shida kafin zuwan Musulunci. Karanta wasiƙunsa a matsayin suka ga wani addini na yau kuskure ne na tarihi, balle ma ingantaccen hadisi ya nuna cewa rahamar Allah ce take shigar da bawa Aljanna. Haka nan E. P. Sanders ya kawo hujja a 1977 cewa Yahudancin zamanin Bulus shi ma ya ɗauki zaɓen Isra'ila a matsayin baiwa.

5.0 Kammalawa

Gargaɗin da koyarwar take yi ya fi shafar ikkilisiya da kanta. Mishanonin da suka kafa majami'u a Arewacin Nijeriya sun hana shan giya da auren mata fiye da ɗaya, suka kuma kafa tsarin horo ga wanda ya saɓa. Ko waɗannan ƙa'idoji shaidar sabuwar rayuwa ne ko kuwa sharaɗin karɓuwa, tambaya ce irin wadda aka yi a Antakiya. Mai nazarin wa'azi da waƙoƙin Kirista na Hausa zai amfana idan ya riƙa duba, a duk inda kalmar alheri ta fito, wane ne mai bayarwa, wane ne mai karɓa, kuma ko ana jiran ramuwa.