Maganin da Ido Ba Ya Gani, da Kangayen Zungeru

Daga Minna zuwa Zungeru ba wata doguwar tafiya ba ce. A can Lugard ya kafa hedikwatar Arewa a 1902, a can aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. Yau ginshiƙai da guntayen bangaye ne suka saura a cikin ciyawa, kowace damina kuma sai ta yagi rabonta.

Ruwa ne mai ɓarnar. Yakan shiga ƙananan kafofin dutse da na kwaɓin da ke riƙe da shi, ɗauke da gishirin ƙasa. Da rani ya yi ruwan ya bushe, gishirin ya daskare a ciki, ya riƙa farfasa bangon. Maginanmu kan yaɓe wurin da siminti, da kyakkyawar niyya. Sai dai siminti ya fi tsohon kwaɓi tauri, yana kuma tsare danshi, sai ɓarnar ta koma gefen facin.

Wajajen 2000 ne Piero Baglioni da abokan aikinsa a Jami'ar Florence ta Italiya suka fito da wata dabara. Farar ƙasar gini ce dai, amma ƙwayoyinta ba su wuce 'yan ɗaruruwan nanomita ba, alhali kaurin silin gashi ya kai kimanin nanomita 80,000. Ana dama su cikin sinadarin barasa, a shafa da buroshi ko a ɗura da sirinji. Barasar takan bi iska, ƙwayoyin su zauna a kafofin, su haɗu da iskar kabon, su koma dutse, su ɗinke abin da ya ruɓushe. Daga 2015 zuwa 2018 wani shiri na Tarayyar Turai ya gwada magungunan nano a manyan majami'un Pisa da Cologne da Vienna.

Amma fa kowace cuta da maganinta. Farar ƙasar nano ta fi kama dutsen farar ƙasa da kwaɓinta, duwatsun yankin Minna kuwa galibi giranit ne, wanda ƙwayoyin silika suka fi dacewa da shi. Sau da yawa maganin ba ya nitsa sosai, idan an cika shi kuma ya bar farin tabo. Dole a ɗebi samfur a auna tukuna, aikin da masu binciken nano na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna za su iya ɗauka.

Ni dai a ganina, adda da shebur ne za su fara shiga Zungeru. A cire saiwoyin da suka ratsa bango, a fitar wa ruwa hanya, a hana kwasar duwatsu, sannan a kira mai sirinji.