Me ya sa kuɗin jirgin fito ke ƙara tsada ga masu yawon keke a Turai?

Duk lokacin zafi, dubban mutane a Turai kan ɗaure tanti da ƴan kayan sawa a bayan keke, su kama hanya daga wannan ƙasa zuwa waccan, wasu na mako guda, wasu na wata da watanni. An san wannan yawo da araha: babu sayen mai, kwana a tanti, abinci daga kasuwar ƙauye. Sai dai akwai inda keke ba ya iya wucewa, wato teku. A nan dole a biya jirgin fito, kuma a ƴan shekarun nan kuɗin fiton ya zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke cinye guzurin matafiyi, musamman tsakanin Birtaniya da sauran ƙasashen Turai.

Inda jirgi ya zama tilas

Birtaniya tsibiri ce. Tsakaninta da Faransa, a wuri mafi ƙunci, akwai ruwa na kimanin kilomita 34, kuma jirgin Dover zuwa Calais na yin awa ɗaya da rabi. Akwai hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku tun 1994, amma ba a tuƙa keke a cikinta, wurin ajiye kekuna a jiragen ƙasan kuma kaɗan ne. Jirgin sama kuwa sai an kwance keken an sa shi a kwali. A jirgin fito ne kaɗai mutum zai turo kekensa da kayansa a ɗaure, ya shiga, ya sauka a ɗaya gaɓar ya ci gaba da tafiya.

Shi ya sa aka tsara manyan hanyoyin keke suna bi ta tashoshin jiragen ruwa. Hanyar Avenue Verte da aka buɗe a 2012, mai haɗa Landan da Paris a kan tsawon wajen kilomita 400, ta dogara ne da jirgin Newhaven zuwa Dieppe mai tafiyar awa huɗu. Hanyar Vélodyssée, mai sama da kilomita 1,200 a gaɓar yammacin Faransa, tana farawa daga Roscoff, inda jirgin Plymouth ke sauke fasinja, ta ƙare a Hendaye kan iyakar Sifaniya.

Mai tsafta ya fi tsada

Abu na farko da ke ɗaga farashi shi ne mai. A da, jiragen ruwa na ƙona baƙin mai, mai arha amma cike da farar wuta, wadda hayaƙinta ke cutar da huhu. Daga Janairun 2015 aka tilasta wa jiragen da ke zirga-zirga a tekun Manche, tekun Arewa da tekun Baltik su rage farar wuta a mansu zuwa kashi 0.1 cikin ɗari. Kamfani na da zaɓi biyu: ya koma gazuwal mai tsada, ko ya kashe miliyoyi ya sa wa jirgi na'urar wanke hayaƙi. Wannan doka ta shiga Bahar Rum ita ma daga 1 ga Mayun 2025.

Ana cikin haka sai ga yaƙin Rasha da Yukren a 2022, lokacin da gangar ɗanyen mai ta haura dala 120. Farashin ya sauko daga baya, amma tsadar rayuwar da ta biyo baya ta taɓa komai, daga gyaran jirgi zuwa kuɗin tasha da abincin da ake sayarwa a ciki.

Harajin hayaƙi

Sabon abin da ya fi tasiri shi ne shigar da jiragen ruwa cikin tsarin Tarayyar Turai na sayen izinin fitar da iskar kabon, wanda ake kira ETS. Tun Janairun 2024, duk jirgin da girmansa ya kai tan 5,000 a ma'aunin jiragen ruwa, in har yana tsayawa a tashar wata ƙasa ta Tarayyar, sai ya sayi takardar izini kan kowane tan na iskar da ya fitar. An shigo da dokar ne daki-daki: kashi 40 cikin ɗari na hayaƙin 2024, kashi 70 na 2025, sannan kashi ɗari bisa ɗari daga 2026. Tafiyar da ke tsakanin tashoshi biyu na Tarayyar ana lissafa ta gaba ɗaya. Wadda ke tsakanin Tarayyar da wata ƙasa ta waje, kamar Birtaniya ko Maroko, ana lissafa rabinta.

Lissafin ba shi da wuya. Tan ɗaya na gazuwal idan aka ƙona shi yana fitar da iskar kabon kusan tan 3.2. A misali, idan ana sayar da izinin tan ɗaya yuro 70, kowane tan na mai zai jawo ƙarin yuro 224 a tafiyar cikin Tarayyar, ko yuro 112 a tafiyar Birtaniya zuwa Faransa, wato sefa kusan 73,500. Babban jirgin fito kuwa yana shan tan da yawa a rana guda. Kamfanonin ba sa haɗiye wannan asara. Suna ɗora ta a kan tikiti, wasu a layi na daban da sunan kuɗin muhalli, wasu a cikin farashin kai tsaye.

Akwai kuma doka ta biyu, FuelEU Maritime, da ta fara aiki a Janairun 2025. Ita ta ce dole yawan gurɓatar da ke cikin makamashin jirgi ya ragu da kashi 2 cikin ɗari da farko, kashi 6 a 2030, har ya kai kashi 80 a 2050. Don cika wannan sharaɗi ne kamfanoni ke sayen sababbin jirage. A 2025 kamfanin Brittany Ferries ya fara aiki da jirage biyu masu amfani da iskar gas da batir, Saint-Malo da Guillaume de Normandie. Kuɗin irin waɗannan jirage ma daga aljihun fasinja da mai kaya zai fito a hankali.

Albashin ma'aikata

A ranar 17 ga Maris 2022, kamfanin P&O Ferries ya sallami ma'aikatan jirgi kusan 800 a rana ɗaya, ya maye gurbinsu da ƴan kwangila. Shugaban kamfanin na wancan lokacin, Peter Hebblethwaite, ya shaida wa majalisar dokokin Birtaniya cewa matsakaicin abin da ake biyan sababbin shi ne fam 5.50 a awa, ƙasa da albashi mafi ƙanƙanta na ƙasar. Lamarin ya tayar da ƙura a gaɓoɓin biyu. Faransa ta kafa doka a Yulin 2023 da ta wajabta biyan mafi ƙarancin albashinta a jiragen da ke ƙetare Manche, tare da taƙaita kwanakin da ma'aikaci zai yi a jere a cikin jirgi. Birtaniya ma ta yi tata dokar a shekarar. Wannan kariya ce ga ma'aikata, amma ta toshe hanyar da wasu kamfanoni ke bi su karya farashi.

Me ya sa abin ya fi taɓa mai keke?

Jirgin fito yana samun kuɗinsa ne daga manyan motocin kaya da motocin iyali. A kansu aka gina tsarin farashi. Iyali mai mutum huɗu a mota kan biya kuɗi ɗaya su raba, shi kuwa mai keke yawanci shi kaɗai ne ko su biyu.

Bambancin ya fi fitowa a tafiyar dare. A jirgin Newcastle zuwa Amsterdam da na Hull zuwa Rotterdam, dole fasinja ya kama ɗakin kwana, ba a yarda ya kwana a kujera ba. Idan ɗaki yuro 100 ne, mutum huɗu kowa 25 zai bayar. Mai keke shi kaɗai zai biya ɗarin cif. Ƙari a kan haka, kamfanonin sun ɗauki salon jiragen sama: farashi na hawa yayin da wuri ke cika da kuma lokacin da ranar tafiya ke matsowa. Mai keke kuwa ba koyaushe yake sanin ranar da zai iso tasha ba, domin iska, ruwan sama ko faci na iya jinkirta shi kwana biyu. Sau da yawa shi ne mai sayen tikitin ƙarshe, mafi tsada.

Hanyoyin ma sun ragu. An rufe ta Newcastle zuwa Bergen a Norwe a 2008, ta Harwich zuwa Esbjerg a Denmak a 2014, sannan ta Hull zuwa Zeebrugge a Beljiyam ta daina ɗaukar fasinja a farkon 2021. Duk hanyar da aka rufe tana rage gasa, ta kuma tilasta wa mai keke zagaye na kwanaki.

Wannan ne abin da ke ci wa masu yawon keke tuwo a ƙwarya: mutumin da ya zaɓi tafiyar da ba ta da hayaƙi yakan tarar da tikitin jirgin sama mai rahusa ya fi na fito sauƙi. Masu dogon hannu a harkar suna rage raɗaɗin ne ta hanyar sayen tikiti da wuri, bin jirgin rana a tsakiyar mako, kauce wa watannin Yuli da Agusta, ko haɗa kai su uku su huɗu a ɗaki ɗaya.

Abin bai tsaya a Turai ba

Masu keken da ke gangarowa daga Turai zuwa Afirka ta Yamma suna ƙetarewa ne daga Tarifa ko Algeciras a Sifaniya zuwa Tanja a Maroko, kafin su bi gaɓar teku zuwa Muritaniya da Sanagal. Manyan jiragen wannan mashiga ma suna biyan harajin a kan rabin hayaƙinsu, haka na Marseille zuwa Aljeriya da Tunisiya da ƴan ci-rani ke bi zuwa gida lokacin hutu.

Dokar kuma ba ta bambanta jirgin fasinja da na kaya ba. Manyan kamfanonin kwantena irin su Maersk, MSC da CMA CGM sun sa ƙarin kuɗin ETS a kan kayan da ke tasowa daga tashoshin Turai, ciki har da masu zuwa Kwatano, Lome da Duwala. Ta waɗannan tashoshi ne kaya da yawa ke isa Nijar da Cadi. Saboda haka ɗan kasuwar da ke jiran kwantena daga Anvers ko Le Havre zai ga layin wannan haraji a takardar kuɗin dakonsa, kamar yadda mai keke ke ganinsa a tikitin Dieppe.