Yadda Aka Raba Gardamar Sunan Kaɗanya

Ba mu tsammani a cikinmu akwai wanda za a nuna wa kaɗanya ya ce bai san ta ba. Tun muna ƙanana mu ke shan 'ya'yanta da farkon damina, muna ganin iyayenmu mata suna tsince ƙwara, su dafa, su shanya, su daka, su fid da mai. Amma ga abin da ya ɗaure wa waɗansunmu kai a wajen karatun ilmin itatuwa. In ka buɗe tsofaffin litattafai, kamar na Likita Dalziel wanda ya tattara sunayen itatuwa na Hausa a 1916, sai ka ga an kira kaɗanya Butyrospermum parkii. In ka buɗe na yanzu, sai ka ga Vitellaria paradoxa. Ɗan makaranta ya kan tsaya ya ce, shin itace biyu ne, ko kuwa ɗayan litattafan nan ne ya yi kuskure? To, itace ɗaya ne, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Mun ga ya kyautu mu bi labarin daki-daki, domin wanda ya gane shi ya gane ka'idar da a ke bi wajen sunan kowane itace a duniya.

Mu fara da dalilin da ya sa a ke bukatar sunan Latin. Mu muna cewa kaɗanya ko kaɗe. Yarabawa suna kiran itacen emi, mansa kuwa ori. Bambarawa na ƙasar Mali suna cewa si, daga nan Ingilishi suka samo nasu sunan. Faransawa kuma karite su ke cewa. Sa'ad da Ibn Battuta ya ratsa Mali a 1352 ya ga ana tatsar mai daga ƙwallon wani ɗan itace, ana girki da shi, ana zuba shi a fitila, ya rubuta sunansa garti. Ga sunaye rututu a kan abu guda. Har wa yau kuma suna guda ya kan ruɗi mutum. Akwai itacen da mu ke kira namijin kaɗe saboda ganyensa ya yi kama da na kaɗanya, alhali kuwa ba su haɗa dangi ba ko kaɗan, masana suna kiransa Lophira lanceolata. Kama da wane ba wane ba ne. Saboda haka a ke so kowane iri ya zama yana da suna ɗaya tak wanda malamin Kano da na Indiya da na Jamus za su gane.

Wanda ya shimfiɗa hanyar nan shi ne Linnaeus, mutumin ƙasar Suwidin, cikin littafinsa na 1753. Ya ba kowane itace suna mai kalma biyu. Kalmar fari sunan gida ce, watau wadda ta haɗa shi da 'yan'uwansa na kusa, ta biyu kuwa tasa ce shi kaɗai. Da masu raɗa suna suka yi yawa, rigima ta yi yawa, sai masana suka taru a Paris a 1867 suka tsara dokoki, aka sāke gyara su a Biyana a 1905. Babbar doka a ciki ita ce, in an raɗa wa itace suna fiye da ɗaya, wanda aka fara bugawa bisa ka'ida shi ne sunansa. Abin ya yi kama da sunan yanka da laƙabi. Mutum ya kan tashi gari duka na kiransa Ɗanjuma ko Tanko, har a manta sunansa na ran suna, amma ran da aka je gaban alƙali sai a nemi na yanka.

Baturen da ya fara kai cikakken labarin kaɗanya ƙasarsu shi ne Mungo Park, likita ne mutumin Sikotilan. A 1796 ya iso bakin Kwara a Segu, ya tarad da mutane suna ta tattara 'ya'yan kaɗe. Ya ga yadda a ke fid da man, ya ɗanɗana, ya yabe shi ƙwarai har ya fifita shi bisa man shanu. Littafin tafiyarsa ya fito a 1799, da zanen ganyen itacen da ɗansa a ciki. Amma Park bai raɗa masa sunan Latin ba. Ya sāke komowa Afirka, ya halaka a ruwan Busa wajen 1806, a nan ƙasarmu.

A 1807 wani Bajamushe mai suna Karl Friedrich Gaertner ya buga wani kashi na littafin da ubansa ya fara a kan 'ya'yan itatuwa da ƙwayoyinsu. A ciki ya siffanta wani ƙwallo, ya zana shi, ya kira shi Vitellaria paradoxa. Kalmar fari daga sunan gwaiduwar ƙwai ta fito a harshen Latin, ta biyu kuwa ma'anarta abin da ya saɓa wa yadda aka saba gani. Tun da ya ke littafin na 'ya'ya ne da ƙwaya, ba a bayyana ganye ko fure ko tsayin itacen yadda mai yawon daji zai shaida shi ba. Don haka sunan ya kwanta cikin littafi, an daɗe mutane ba su haɗa shi da itacen da Park ya gani ba.

Bayan wajen shekara talatin, George Don, shi ma mutumin Sikotilan, wanda ya taɓa zuwa Saliyo neman tsire-tsire, ya duba labarin Park. Ya ga itacen ya yi kama da waɗansu itatuwan Indiya masu ba da mai, waɗanda a lokacin a ke kira Bassia. Sai ya sa shi cikin gidansu, ya kira shi Bassia parkii don tunawa da Park. Wannan suna bai zauna ba, domin dalili biyu. Na fari, kaɗanya ba 'yar gidan nan ba ce, dangi kawai suka haɗa, watau babban dangin da a ke kira Sapotaceae. Na biyu, ita kanta kalmar Bassia ashe wani masanin Italiya ya riga ya ba waɗansu ƙananan tsire-tsire dabam tun 1766, har ya zama tilas itatuwan Indiyan nan su ma su sake ta, yanzu Madhuca a ke kiransu.

A 1865 Theodor Kotschy, mutumin Ostiriya wanda ya yi yawo a Sudan, ya ga lalle kaɗanya ta isa a yi mata gidan kanta. Ya haɗa kalmomi biyu na Yunananci, ɗaya man shanu, ɗaya ƙwaya, ya ce Butyrospermum. Ta yamma ya bar mata sunan Park, ta zama Butyrospermum parkii. Wadda aka samo daga wajen kogin Nilu kuwa ya ɗauke ta wani iri dabam, ya kira ta Butyrospermum niloticum. Gaskiya suna ya yi kyau, ya kuma dace, gama duk wanda ya san ma'anarsa ya san amfanin itacen. Ma'aikatan daji suka karɓe shi, 'yan kasuwa suka karɓe shi, ya shiga litattafan makaranta da rahotannin gwamnati, ya yi kusan shekara ɗari yana sarauta. A cikin wannan tsakani kuma waɗansu masana suka ɗauki kalmar Vitellaria suka liƙa wa waɗansu itatuwan Amurka na cikin dangin nan, abin ya ƙara cuɗewa.

Amma rubutu ba ya ɓata. Da masana suka koma kan zanen Gaertner suka gwada shi da ƙwarar kaɗe, sai suka tabbata ita ce. Ga shi kuwa ya riga Don da wajen shekara talatin, ya riga Kotschy da shekara 58. Bisa doka dai sunansa ne na yanka, sauran duk laƙabi ne.

To, dokar nan tana da wata 'yar ƙofa. Tun taron 1905 aka yarda in sabon sunan gida ya bazu ƙwarai, har fid da shi zai jawo ruɗani, ana iya kai roƙo gaban kwamitin masana a bar shi, a jingine tsohon. A 1962 Nigel Hepper, wanda ke aiki a lambun Kew a Ingila, yana kuwa shirya babban littafin itatuwan Afirka ta Yamma, ya kai wannan roƙo don a bar Butyrospermum. Amma ko da an yarda masa, kalma ta biyu tilas ta koma ta Gaertner, tun da ita ce ta riga. Saboda haka ya rubuta Butyrospermum paradoxum, watau ya ɗauki rabi nan, rabi can, haka kuwa ya fito cikin littafin nan a 1963. Ka ga suna na huɗu ke nan. Da kwamitin ya duba roƙon, bai yarda ba. Shi ke nan, magana ta koma kan Vitellaria paradoxa.

Saura ƙulli ɗaya, watau ta Nilu. Kaɗanya tana tsirowa ne cikin wani dogon ɗamarar daji mai tsawon wajen kilomita 5,000, tun daga Senegal har Habasha. Da aka gwada ta yamma da ta gabas, sai aka ga bambancinsu bai kai a ce iri biyu ba ne. Iri ɗaya ne mai ɗaki biyu, kamar 'ya'yan mutum ɗaya da ba su haɗa uwa ba. A 1983 waɗansu masana uku na Indiya, Henry da Chithra da Nair, suka daidaita sunan ɗakin gabas a ƙarƙashin Vitellaria, aka ƙara masa kalma ta uku, nilotica. Ita ce ta Sudan ta Kudu da Uganda da yammacin Habasha. Tamu ta nan, daga Senegal har Afirka ta Tsakiya, ita ce ɗakin paradoxa. Bambancin ba na takarda kaɗai ba ne, gama man ta gabas ya fi taushi, namu ya fi sandarewa, shi ya sa masu yin cakulan su ke neman namu. Ta haka sunan Park ya fita daga sunan itacen sarai.

Watakila wani zai ce wannan ba adalci ba ne. Park ya sha zazzaɓi da yunwa da ɗauri kafin ya ga itacen da idonsa, Gaertner kuwa ƙwallo kawai ya duba yana zaune a gida. Mu ma mun ji nauyin maganar nan. Amma mu duba. Da an ce wanda ya fi wahala shi zai ci suna, ko sunan da ya fi daɗi shi za a bari, wa zai auna wahala, wa zai auna daɗi? Kowace ƙasa sai ta tsaya wa nata, gardama ba ta ƙarewa. Shekarar bugu kuwa ba ta da ɗan'uwa, kowa ya buɗe littafi ya gani. Banda wannan ma, in cancanta a ke bi, ai ba Park ba, ba Gaertner ba. Matan da suka gāji fid da man kaɗe kaka da kakanni sun riga su duka sanin itacen. Sunan Latin ba lada ba ne da a ke biyan wani da shi, alama ce kawai don kada a ɓata.

Ga amfanin da mu ke so 'yan'uwanmu su ɗauka. Tsohon sunan bai mutu ba. Har yanzu in ka juya kwalbar man shafawa da aka yi da man kaɗe, sau da yawa Butyrospermum parkii za ka gani a jikinta, domin masu sana'ar nan suna da nasu jerin sunaye, ba su sāke ba. Wanda kuma ya ke neman abin da aka rubuta a kan kaɗanya, in sabon suna kaɗai ya sani, aikin shekara ɗari ya wuce shi, in tsoho kaɗai ya sani, na yanzu ya wuce shi. Ga shi kuwa itacen yana bukatar masu bincike. Ba ya fara 'ya'ya sai ya yi shekara goma sha biyar ko ashirin, amma mai gatari ya kan kā da shi rana ɗaya don gawayi ko turmi, har an sa shi cikin jerin itatuwan da a ke tsoron ƙarewarsu.

Saboda haka ran da muka tsaya gaban aji, mu rubuta wa yara Vitellaria paradoxa a allo, mu sa tsohon sunan a gefe, mu gaya musu dalili. Sa'an nan mu fita da su bayan gari mu nuna musu kaɗanya da namijin kaɗe, kowa ya tsinko ganye ya riƙe, ya faɗi wanne ne wanne. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin.