Karatu a Jamus: Babu kuɗin makaranta, amma akwai shingen da ake tsallakewa

Tun da Birtaniya ta hana mafi yawan ɗaliban digiri na biyu tafiya da iyalansu a watan Janairun 2024, Jamus ta ƙara jan hankalin masu neman karatu a Turai. Dalilin a fili yake: akasarin jami'o'in gwamnatin ƙasar ba sa karɓar kuɗin makaranta, ko daga ɗan ƙasa ko daga baƙo. Jihar Baden-Württemberg na cikin wuraren da suka fita zakka, domin tun 2017 take cajin ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba Yuro 1,500 a kowane zangon karatu.

Sai dai kafin a ba ɗalibi biza, wajibi ne ya nuna yana da abin da zai ci da kansa na shekara guda. Hanyar da aka fi bi ita ce zuba Yuro 11,904 a wani asusun banki da ake rufewa, wanda ba ya sakin fiye da Yuro 992 a wata. Bisa canjin 2025, kuɗin ya kusa naira miliyan 20, wato fiye da albashin shekara 20 na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. A nan ne burin gidaje da yawa ke tsayawa.

Doka ta yarje wa ɗalibi yin aiki na kwana 140 a shekara, amma wanda bai iya Jamusanci ba zaɓinsa kaɗan ne, ga kuma tsada da ƙarancin ɗakin haya a birane irin su Munich da Berlin. Darussan digiri na biyu da dama da Ingilishi ake koyar da su, na digirin farko kuwa galibi da Jamusanci.

Ga ma'aikacin gwamnati, akwai wata ƙofar. Hukumar musayar ilimi ta Jamus, DAAD, na ɗaukar nauyin digiri na biyu a fannonin raya ƙasa ga waɗanda suka yi aƙalla shekara biyu suna aiki, kuma takardar tallafin na iya maye gurbin wancan asusu. Wanda ya kammala kuma yana da damar zama wata 18 yana neman aiki.

Saboda haka, kafin a sa fili a kasuwa ko a ci bashin ƙungiyar adashe ta ofis, gara a fara da ajin Jamusanci da takardar neman tallafi.