Jima da Dukanci: Gadon da Bai Kamata Mu Raina Ba

Uwargida, ki tuna layyar bara. Bayan an gama suya an raba nama, ina fatar ragon ta shiga? A ƙauyukanmu na Ɗambatta, Bichi da Makoɗa, sau da yawa a kan danga ake yar da ita har ta yi wari. Kakanninmu kuwa ba sa wasa da fata. Ita ce buzun sallar maigida, ita ce gafakar almajiri, da gugan rijiya, da tandun kwallin amarya. Ta ragon suna kuma rabon ungozoma ce.

Sana'ar sarrafa fata ba ta jiya ba ce. A shekarar 2008 masu tonon kayan tarihi sun gano takalmin fata a wani kogo a ƙasar Armeniya, wanda ya kai kimanin shekara 5,500. A nan gida kuma, Bature Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya rubuta yadda fatake ke ɗaukar takalma da jemammun fatun Kano zuwa ƙasashen Larabawa. Da yake ta Arewacin Afirka fatar ke isa Turai, sai Turawa suka sa mata suna "fatar Maroko", alhali mai yawa daga ciki ta jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce.

Majemi kan jiƙa fata a ruwan toka ya kankare gashin, sannan ya tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa, ya shafe ta da mai. Daga nan baduku ya karɓa, ya rine ta ja da karan dafi, ya yanka, ya ɗinka. Kin ga duk kayan aikin a gonakinmu suke.

Abin takaici shi ne yadda wasunmu ke ƙyamar masu wannan sana'a, har a hana su aure. Shin mun manta Uwar Muminai Zainab bint Jahsh (RA) jima take yi da hannunta, ta yi ɗinki, ta sadakar da abin da ta samu? Ya kuma inganta cewa Manzon Allah (SAW) ya ga an yar da mushen tunkiya, sai ya nuna da ma an jeme fatar an amfana da ita. Suratun Nahl ma ta lissafa fatun dabbobi cikin ni'imomin Allah.

Don haka 'yar'uwa, layya mai zuwa ki sa a feɗe a hankali kada wuƙa ta huda fatar, a barbaɗe ta da gishiri, a shanya a inuwa. Malamanmu sun hana sayar da fatar layya ko biyan mahauci da ita, amma ya halatta a yi buzu ko a sadakar. In kuma ɗanki ya nuna sha'awar dukanci, ki sa masa albarka.

Allah Ya ba mu ikon riƙon halal, amin.